Yadda Ake Gwada Gubar Ruwan Kwata da Ciyawar Ruwa, Daga Bakin Teku Zuwa Kogin Kaduna

Wata safiya cikin rani na gangara bakin Kogin Kaduna ta ɓangaren kudu, da jarka a hannuna, kusa da inda wata babbar kwata ke juye kayanta a kogi. Wani dattijo mai lambu yana ɗaura tiyo a injin ban-ruwa, kuma bakin tiyon bai fi taku talatin daga bakin kwatar ba. Muka gaisa, ya dubi jarkar ya ce, "Malam, ku ne masu awon ruwa? To ku gaya mini tsakani da Allah. Ruwan nan wani lokaci alayyafona ya yi shar kamar an zuba masa taki, wani lokaci kuma gefen ganyen ya ƙone. Me ke cikinsa?"

Na ce, "Baba, abin da ke ciki ya fi ƙarfin lissafina. Amma zan iya gano maka ko yana cutar da tsiro, da kuma yawan ruwa mai kyau da za a sirka shi da shi kafin ya daina."

Ruwa ba ya tsami banza, kowa ya san wannan. Matsalar ita ce ruwan kwatar gari irin Kaduna gauraye yake. Akwai na masai da sokawe, akwai na mahauta, na wurin wankin mota, baƙin mai daga garejin makanikai, ruwan rini, da abin da ke fitowa daga unguwannin masana'antu irin Kakuri, Makera da Kudenda. Idan ka kai shi ɗakin gwaji, na'ura za ta auna abin da ka biya kuɗinsa kawai. Ka ce dalma, ta auna dalma. Abin da ba ka ambata ba, ba za ta neme shi ba, kuma ba za ta gaya maka irin ɓarnar da abubuwa goma ke yi idan sun haɗu a tukunya ɗaya ba. Shi ya sa masana suka koma tambayar abu mai rai: a saka shi cikin ruwan, a ga ko zai girma, ko zai haihu.

Yadda mutanen bakin teku ke yi

A garuruwan da ke zuba ruwan masai a teku, ciyawar teku ake tambaya. Dalili kuwa ita ba ta gudu kamar kifi. Inda ta maƙale a dutse nan take zaune, duk abin da bututu ya amayo sai ya bi ta kanta. Kuma lokacin da ta fi rauni shi ne lokacin haihuwa da tsirowa, don haka nan ake kama ta.

A Amurka hukumar kare muhalli ta ƙasar ta rubuta hanyar gwaji da wata jar ciyawa mai suna Champia parvula. Ana haɗa rassan mace da na namiji cikin ruwan da ake zargi har kwana 2, sannan a mayar da matan cikin ruwa mai kyau na kwana 5 zuwa 7, a ƙirga 'yan ƙullutun 'ya'yan da suka fito. Idan sun yi kaɗan, ruwan ya taɓa haihuwa. A gaɓar Kalifoniya da wata ƙatuwar ciyawa suke aiki, Macrocystis pyrifera, wadda tsawonta kan wuce mita 30, amma ƙwayoyin irinta ake gwadawa, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu: bayan awa 48 a duba nawa suka tsiro da tsawon tsiron. A Ostareliya akwai Hormosira banksii mai kama da carbi, wadda aka lura tana ɓacewa daga duwatsun da ke kusa da bututun ruwan masai a jihar Biktoriya, daga nan aka mayar da ƙwanta da tsironta abin gwaji. Akwai kuma ƙa'idar duniya ta ISO 10710 ta shekarar 2010, wadda ke auna girman Ceramium tenuicorne cikin kwana 7. Su masu gwajin teku suna da wata wahala da ba mu da ita: ruwan masai ba shi da gishiri, saboda haka sai sun ƙara masa gishirin teku, in ba haka ba rashin gishirin kaɗai zai kashe ciyawar a ɗora wa guba laifi.

Mu nan ba mu da teku, kuma ciyawar teku ba za ta rayu a ruwan Kogin Kaduna ba. Ɗalibin Legas ko Fatakwal zai iya bin waccan hanya. Abin da za mu ɗauka shi ne dabarar, mu nemi tsiron da ke namu.

Tsiron da za mu yi aiki da shi

Ka san kainuwa, dashen Allah. Tana da wata ƙanwa 'yar mitsitsiya da masana ke kira Lemna, dangi ɗaya suke da kainuwa da gwaza. Ganyenta bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, kore ne fatau, yana shawagi a kan kududdufi da tafkin kiwon kifi da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, da saiwa guda siririya kamar zare a ƙarƙashin kowane ganye. Agwagi na sonta ƙwarai. A nan zan riƙa kiranta ƙaramar kainuwa. Ba ta jiran fure ko iri, ganye ke fitar da ganye, kuma idan ta ji daɗi yawanta kan ninka cikin kwana biyu zuwa uku. Wannan saurin shi ya sa ta dace. OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta amince da gwajinta a ƙa'ida mai lamba 221 a shekarar 2006, akwai kuma ISO 20079 ta 2005. Abin da zan bayyana a ƙasa sauƙaƙƙen tsari ne da aka gina a kan waɗannan, wanda malamin sakandare, ɗalibin da ke aikin bincikensa na ƙarshe, ko ƙungiyar masu lambu za su iya yi a ɗaki ɗaya.

Mataki na farko: renon tsiron

Nan ne aka fi yin gaggawa, kuma nan ne aikin yake lalacewa. Kada ka kwaso ciyawa yau ka fara gwaji gobe. Samo ta daga ruwan da ba kwata ke shiga ba. Zuba a faranti fari, ka tsince ƙwari, ƙwan dodon-koɗi da gansakuka. Ka tabbata iri ɗaya ka ware, domin akwai wata mai faɗin ganye da saiwoyi da yawa a ganye guda, ita daban ce. Mafi kyau ma ka ɗauki ƙungiya guda tak, wato 'yan ganyen da ke manne da juna, ka rene ta, duk zuriyarta su zama 'yan uwa ɗaya.

Idan gansakuka ta manne mata, tsoma ta cikin ruwan bilic mai rauni, wajen kashi 0.5 cikin 100 na sinadarin, daga daƙiƙa 30 zuwa 'yan mintoci, ka ɗauraye sau da yawa. Da yawa za su yi fari su mutu. Kada ka damu, waɗanda suka tsira su ne irinka.

Ƙa'idar OECD ta ce tsiron da aka ɗebo daga daji a rene shi aƙalla mako 8 cikin irin ruwan da za a yi gwajin da shi. Na san ɗalibi mai wa'adin wata uku zai ga abin ya yi tsawo, amma shawarata ita ce ka fara reno tun ranar da ka zaɓi batun bincikenka. Kowane mako ka kwashe 'yan lafiyayyu kaɗan zuwa sabon ruwa, ka zubar da sauran, kada su cunkushe.

Ruwan renon fa? Masu ɗakin gwaji su haɗa ruwan Steinberg, wanda girke-girkensa ke cikin ƙa'idojin nan biyu. Wanda ba shi da sinadaran ya nemi takin zamani mai narkewa gaba ɗaya a ruwa, irin na masu noman rumfa, wanda ke ɗauke har da ƙananan sinadarai irin ƙarfe. Fara da kwata zuwa rabin giram a lita ɗaya, ka ga yadda tsiron ya karɓa, ka daidaita. Ruwan kuma ya zama na gora iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ko na burtsatsen da ka amince da shi. Kada ka yi aiki da ruwan famfo kai tsaye saboda kulorin.

Karo na farko da na gwada, garin sabulu ne ya kayar da ni. Na wanke kofuna da shi, na ɗauraye sau ɗaya, na ga sun yi ƙyalli. Kwana huɗu sai ga ganyen da ke cikin ruwa mai kyau ya yi rawaya daidai da wanda ke cikin ruwan kwata, saiwoyin sun zube a gindin kofi kamar gashin da aka aske. Mako guda ya tafi a banza. Tun daga ranar nake ɗauraye kowane kofi sau biyar, na ƙarshe da ruwan da zan yi gwajin.

Kayan aiki

Kofuna 21 iri ɗaya, na gilashi sun fi, masu ɗaukar fiye da mililita 100, kuma ruwan ya kai zurfin santimita 2 ko fiye. Jarkoki ko kwalabe biyar masu ɗaukar lita ɗaya don sirki. Babban sirinji ko kofin awo mai lamba. Takardar auna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa. Ma'aunin zafi. Farin ƙwan fitila na LED, da batir ko sola saboda ɗauke wuta. Baƙar takarda ko baƙar leda, farar leda mai nuna ciki, ƙaramin cokalin roba ko burushin zane don ɗaukar ganye, safar hannu, takunkumi, kula da ƙanƙara, da littafi. Wayarka ita ce kyamara da kalkuleta.

Ɗebo ruwan

Kafin ka fita ka yanke shawarar tambayar da kake son amsawa. Idan ita ce "ruwan kwatar nan guba ne?" to a bakin kwatar za ka ɗiba kafin ya shiga kogi. Idan kuma ita ce "kwatar na ɓata kogi?" sai ka ɗebi wuri uku: sama da bakin kwata, bakin kanta, da ƙasa da ita inda masu lambu ke ja. Kowane wuri gwajinsa daban da kofunansa 15, kofunan shaida kaɗai, wato na ruwa mai kyau da ake kwatanta sauran da su, za su iya zama na tarayya idan rana ɗaya aka fara.

Saka safar hannu da takalmin roba. Ɗaura kwalba a sanda, kada ka shiga ruwan. Kada ka leƙa kai cikin rufaffen kwalbati ko ramin sokawe, iskar da ke taruwa a ciki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana sumar da mutum, tana kisa. Ɗauraye jarkar da ruwan wurin sau uku, sannan ka cika ta fal ka rufe. Lita ɗaya da rabi ta isa. Rubuta wuri, rana, ƙarfe nawa, launin ruwa, warinsa, ko akwai kumfa ko maiƙo, da ko an yi ruwan sama cikin kwana biyun da suka wuce.

Ruwan kwata ba ya zama iri ɗaya. Na asuba daban, na bayan mahauta sun gama aiki daban, na dare daban. Abin da dattijon nan ya gani a alayyafonsa ke nan. Idan da hali ka ɗebi kaɗan kaɗan safe, rana, yamma da dare, daidai wa daida, ka haɗa a jarka ɗaya cikin kula. Ka ajiye shi cikin sanyi da duhu, ba a daskare ba, kuma ka fara gwaji cikin awa 36. Idan ya daɗe wasu abubuwan sun tashi, wasu sun ruɓe, ba ruwan da ka ɗebo kake gwadawa ba kuma.

A gida ka bar shi ya kwanta, ka tace da tsabtataccen ƙyalle don cire tarkace. Auna pH ka rubuta. Kada ka gyara shi a gwajin farko.

Sirki

Wannan shi ne zuciyar aikin. Ba kofi biyu za ka jera ba, ɗaya mai kyau ɗaya mai datti. Tsani za ka gina mai hawa biyar: kashi 100, 50, 25, 12.5 da 6.25 cikin 100, sai shaida wanda babu ko ɗigon ruwan kwata a ciki.

Da farko ka tanadi lita 3 na ruwa mai kyau ka saka masa taki daidai yadda kake reno. Sannan ka auni mililita 800 na ruwan kwata, shi ma ka saka masa taki daidai wannan ma'auni na kowace lita. Wannan wajibi ne. Idan ba ka yi haka ba, tsiron da ke cikin ruwan kwata zai iya tsumburewa don yunwa, kai kuma ka ce guba ce.

Jarka ta ɗaya ita ce 800 ɗin nan, kashi 100. Ɗebi 400 daga ciki zuwa jarka ta biyu, ƙara 400 na ruwa mai kyau, girgiza, ka sami kashi 50. Ɗebi 400 daga ta biyu zuwa ta uku, ƙara 400 mai kyau, kashi 25 ke nan. Haka har ta biyar. Kowace jarka za ta rage da 400, ta biyar da 800. Zuba mililita 100 a kofuna uku daga kowace jarka, kofi 15 ke nan. Shaida kuma kofi 6, domin da su za a auna kowa, gara su yi yawa. Wajen zubawa fara da shaida, ka hau zuwa mai ƙarfi, don kada sirinji ya kai datti inda bai kamata ba. Rubuta lamba a jikin kofi, ba a murfi ba.

Saka tsiron

Zuba irinka a faranti fari ƙarƙashin haske. Zaɓi ƙungiyoyi masu ganye uku uku, kore, babu tabo. Kowane kofi ƙungiya huɗu, ganye 12. Gaba ɗaya ganye 252 kake buƙata, don haka renonka ya ninka wannan kafin ranar. Kada ka cika kofi ɗaya sannan ka wuce na gaba, domin hannu kan fara ɗaukar manya, ƙananan su rage wa kofunan ƙarshe. Saka ƙungiya ɗaya a kowane kofi, ka zagayo, har sau huɗu.

Naɗe gefen kowane kofi da baƙar takarda, hasken ya shigo ta sama kawai, wannan na rage gansakuka. Rufe da farar leda ka huda ta da allura wuri uku ko huɗu, ruwa kada ya ƙafe amma iska ta shiga. Ɗauki hoton kowane kofi daga sama.

Haske da zafi

Ƙa'ida ta ce haske dare da rana babu yankewa, luks (ma'aunin ƙarfin haske) 6,500 zuwa 10,000, zafi kuma digiri 24, da rangwamen 2 sama ko ƙasa. Manhajar auna haske ta waya ba ta da daidaito sosai, amma za ta nuna maka ko gefe ɗaya na teburin ya fi ɗaya haske, kuma wannan ne ya fi muhimmanci. Kada ka jera a taga. Rana za ta dafa na gaba ta bar na baya. Kullum ka sauya wa kofuna wuri ba bisa tsari ba.

Zafi shi ne ciwon kanmu a Kaduna. A Maris da Afrilu rana kan wuce digiri 35, a hunturu kuma dare ya yi sanyi sosai. Damina ta fi sauƙi. A sauran lokuta nemi ɗakin ciki da rana ba ta dukan bangonsa, ka jera kofunan cikin tire mai ruwa, shi zai rage hawa da saukar zafin. Rubuta zafin safe da na yamma kullum. Idan ba ka iya riƙe 24 ba, ka faɗa a rahotonka, kada ka ɓoye. Gwajin na da amfani muddin duk kofunan abu ɗaya suka sha kuma shaida ta girma yadda ya kamata.

Ƙirga

Kwana 7 ne. Ƙirga a rana ta 3, ta 5 da ta 7, a lokaci ɗaya. Duk ganyen da ya leƙo daga gefen uwarsa, komai ƙanƙantarsa, ɗaya ne. Ka tsaya a kan wannan doka daga farko har ƙarshe. A rana ta bakwai shaida kan yi yawa har ido ya ruɗe, sai ka ɗauki hoto, ka buɗe shi da girma, ka riƙa ɗiga alama a kan kowane ganye. Idan kuna biyu, ɗaya ya rufe lambobin kofuna ɗayan ya ƙirga bai san wanne ne ba. Zuciyar mai bincike na son ganin abin da ta zata.

Kada ka tsaya a lamba kawai. Dubi launi: ya koma rawaya, ya yi fari, ya yi ruwan ƙasa? Ƙungiyoyin sun wargaje ganye ɗaya ɗaya? Ganye ya nutse? Sababbin ganyen sun fi na shaida ƙanana? Saiwa ta gajarce ko ta zube? Wani lokaci adadi bai ragu sosai ba amma ganyen sun zama rabin girman na shaida, shi ya sa ƙa'ida ke son a haɗa da awo na biyu, faɗin ganye ko nauyinsa. A ranar ƙarshe ka ciro goma daga kowane kofi ka auna saiwa da rula. Sake auna pH.

Kafin lissafi, tambayi shaida

Idan shaida ba ta ninka sau bakwai ba cikin kwana 7, wato daga 12 zuwa 84 ko fiye, gwajin bai cika sharaɗin OECD ba, domin sharaɗin shi ne ninki biyu cikin ƙasa da kwana biyu da rabi. Idan ka sami 40, to matsalar na wurinka: haske, taki, zafi, ko kofi. Gyara ka sake. Na ga ɗalibai suna son wucewa da irin wannan sakamako saboda lokaci ya ƙure, kuma ina jin tausayinsu, amma lambar da aka gina a kan shaida marar lafiya za ta iya wanke mai laifi ko ta shafa wa marar laifi kashin kaji.

Lissafi

Juya kalkuletar wayarka a kwance, za ka ga maɓallin ln. Ga kowane kofi, raba adadin ƙarshe da 12, danna ln, raba da 7. Wannan shi ne saurin girma. Sai ka fitar da matsakaicin kofunan kowane mataki.

Ga misali na koyarwa, ba sakamakon wata kwata ba ne. A ce shaida ta kai 96. 96 a raba da 12 ya ba da 8, ln ɗinsa 2.079, a raba da 7, 0.297. A ce kashi 50 ya kai 30, saurinsa 0.131. Cire 0.131 daga 0.297, raba da 0.297, ninka da 100: an tauye girma da kashi 56. A ce kashi 100 ya tsaya a 14, tauyewa 93. Kashi 25 ya kai 54, tauyewa 28. Kashi 12.5 ya kai 88, tauyewa 4 kacal. Kashi 6.25 kuma ya kai 104, ya ma wuce shaida.

Abin da ake nema shi ne ƙarfin da ke rage girma da rabi, wanda ake rubutawa EC50. Zana matakan biyar a takarda da tazara daidai a tsakaninsu, tauyewa kuma a tsaye, ja layi, ka ga inda ya ratsa 50. A misalinmu yana tsakanin 25 da 50, wajen 43. Ka riƙe cewa ƙaramar lamba ita ce mummunan labari. Ruwan da EC50 ɗinsa 10 ya fi mai 43 guba nesa ba kusa ba, domin ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya yi ɓarnar. Ga mai lambu kuma lambar da ta fi amfani ita ce matakin da tsiro ya daina shan wahala. A nan 12.5 ne, wato mudu ɗaya na ruwan kwata a mudu bakwai na mai kyau.

Tarkon da ke cikin ruwan masai

Dubi kofin 6.25 da ya fi shaida. Mutum zai ce ashe ruwan ma alheri ne. A'a. Ruwan masai cike yake da naitirojin da fosfaras, abincin tsiro ne, kuma idan an sirka shi sosai sai abincin ya rufe gubar. A teku ma haka yake: inda naitirojin ya yi yawa, koriyar ciyawar Ulva kan mamaye gaɓa, kamar yadda aka gani a Kindawo ta ƙasar Sin a 2008 dab da wasannin Olamfik, da gaɓar Biritani ta Faransa, yayin da ciyayi masu rauni ke ɓacewa. Yawan kore alama ce ta ƙoshi fiye da kima, kuma idan wannan koren ya mutu ya ruɓe, iskar da kifi ke shaƙa a ruwa yake cinyewa. Amoniya kuma fuska biyu gare ta. Kaɗan taki ce, da yawa guba ce, kuma gubarta na ƙaruwa idan pH da zafi sun hau. Idan pH ɗin ruwanka ya yi nisa da na shaida, sake gwaji na biyu da ka daidaita shi, ka kwatanta da na farko, za ka gane ko tsamin ko kanwar ruwan ce ke ɓarnar.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Ƙaramar kainuwa ba ta kamuwa da kwalara, taifot ko ciwon hanta. Ruwa zai iya cin wannan gwaji lafiya lau alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. Kada kowa ya ɗauki sakamakon nan ya ce ruwa ya dace da sha, alwala, wanka ko wanke latas da za a ci ɗanye. Haka kuma maganin ƙwari zai iya kashe kifi ya bar tsiro yana murna. Ƙaramar kainuwa ta fi jin maganin ciyawa da ƙarafa irin tagulla. Shi ya sa masu aikin sosai ke haɗa tsiro da ƙwaron ruwa da kifi. A gida za ka iya ƙara gwajin albasa: ɗora ƙananan albasa a bakin kwalabe masu matakan sirkin nan, gindin na taɓa ruwa, ka auna tsawon saiwa bayan kwana uku ko huɗu.

Don ka san ko irinka bai canja hali ba, lokaci lokaci ka gwada shi da gishirin girki, giram 2.5, 5 da 10 a lita. Idan amsar wannan wata ta yi kusa da ta wancan, tsironka na nan yadda ka san shi.

Me za a yi da sakamakon

Gwaji ɗaya hoton rana ɗaya ne. Maimaita aƙalla sau uku, kuma ka haɗa rani da damina. A rani kogi ya janye, babu ruwan da zai sirka datti, kuma lokacin ne injinan ban-ruwa ke aiki. Ruwan farko na damina kuma shi ke wanko duk abin da ya taru a kwatoci wata da watanni.

Gwajin ya nuna akwai ɓarna, bai nuna wane sinadari ba ne, balle wanda ya zuba. Kwata ɗaya gidaje da sana'o'i da yawa ke juye mata. Kada ka hau Facebook ka kama sunan wani da kofuna 21. Tattara littafinka, hotuna masu kwanan wata, zafin ɗaki da sakamakon shaida, ka kai wa hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, ko ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando, akwai kuma sassan kimiyyar halittu da sinadarai a Jami'ar Jihar Kaduna, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello Zariya. Amfanin gwajinka shi ne ya nuna wace kwata da wane lokaci suka cancanci a kashe kuɗin awon sinadarai a kansu.

Bayan an gama, kada ka ba kaji, agwagi ko kifi ciyawar da ta zauna cikin ruwan gwaji, tana zuƙe ƙarafa ta tara a jikinta. Tace ta, busar, ƙulle a leda, a kai juji. Ruwan kofunan ka zuba masa bilic, ka bar shi rabin awa, ka juye a masai. Wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Kwanon renon kuma ka ajiye shi nesa da teburin gwaji, da cokalinsa daban, ka ci gaba da sabunta masa ruwa kowane mako har zagaye na gaba.